Kayan Namu Ne, Me Ya Sa Sunan Ya Zama Na Wani?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau a lokacin kakar riɗi ya san Allah ya yi wa ƙasar nan arziki. Tireloli a jere tun daga bakin titin Katsina, 'yan dako suna sassarfa da buhu a kafaɗa, mata a bakin sito suna sheƙa da tsince, zoɓo ya rina musu hannu ja wur. Riɗin da ake lodawa a nan, wani a Japan za a matse mansa, wani a Turkiyya za a niƙa shi. Zoɓon da aka tsinko a ƙauyukan Jigawa har Meksiko yake zuwa, a jiƙa shi a sha kamar yadda muke sha. Cittar Kachiya da Kwoi, ƙaron Yobe da Borno, fatar jan akuyar Sakkwato, duk duniya tana nema.

To amma ka ja mai buhunan gefe ka ce, Alhaji, wa ke sayen kayan nan a can? Nawa ake biyan tan ɗaya idan ya sauka? Yawanci amsar ɗaya ce: kamfani ne ke karɓa. Daga ƙofar kamfanin nan labari ya yanke masa. Bai san sunan mai saye ba, mai saye bai san da shi ba. A takardar da ke bin kwantena babu sunansa, babu sunan garinsa, balle na manomin da ya sha rana. Kuma duk wannan yana faruwa alhali a aljihun Alhaji akwai waya ta ɗaruruwan dubban naira, wadda cikin minti ɗaya za ta iya nuna masa farashin riɗi a kasuwar duniya.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

'Yan uwa, mu fa ba baƙin fatauci ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kasuwar Kurmi take ci. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tumbuktu da bakin tekun Tarabulus. Fatarmu ta ratsa Sahara shekaru aru-aru, sai dai da ta isa Turai aka laƙaba mata sunan Maroko, domin ta hannun mutanen can ta bi. Ku lura da wannan da kyau. Ciwon da nake magana a kansa tsoho ne: mu da aiki, wani da suna.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi, suka juya akalar abin gaba ɗaya. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata, ba su tsaya suna kallon dogo a matsayin abin Nasara ba. Sun karɓe shi, sun baza yaransu ƙauye-ƙauye, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Duk da haka akwai iyakar da ba su iya tsallakewa ba. Jirgin ruwa na Bature ne, wayar tangaraho da ke kawo farashin Libaful tasa ce, banki nasa ne. Kakanninmu suna da uzuri. Mu da tangarahon ya shigo aljihunmu, wane uzuri gare mu?

Kada wani ya ce waya ba ta canza kasuwa. An gwada, an auna, kuma a ƙasar Hausa aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da salula ke shiga gari-gari. Ta gano cewa inda sabis ya isa, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma abin ya fi tasiri a kasuwanni masu nisa da masu mugunyar hanya. Dalilin a fili yake. Da, sai ɗan kasuwa ya hau mota ya kwana a hanya kafin ya san nawa ake sayar da gero a wata kasuwa. Da waya ta zo, kira ɗaya ya ishe shi. Wannan fa ƙaramar waya ce ta kira kawai, babu hoto, babu intanet.

Mu ma a Najeriya tun 2001 muke da salula, kuma ba na musun mun amfana. Wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya ga darasi da idonsa. Takardar naira ta ɓace, mai tumatir ya zuba wa kayansa ido suna ruɓewa, an karyar da dabbobi a kasuwannin ƙauye saboda babu tsaba. Wanda yake da asusu kuma ya iya karɓar tiransifa ya ci kasuwa, wanda ya ce shi sai kuɗi a hannu ya koma gida da kayansa. Wahala ta koya mana cikin wata uku abin da wa'azin shekara goma bai koya mana ba. Yau mai shayi da mai nama duk sun liƙa lambar asusu a jikin teburi, mai POS yana kowace kwana.

Sai dai a nan muka ja birki. Mun iya kira, mun iya tura kuɗi, mun iya ɗora hoton atamfa a WhatsApp. Kuɗin fitar da kaya waje kuwa yana gaba da nan, a wurin da ake tambayar rubutu da shaida.

Bari in fara da rubutun, domin shi ne gindin komai. Akwai 'yan kasuwa a Dawanau da Kantin Kwari da Singa waɗanda abin da suke juyawa a shekara ya fi kasafin wasu ƙananan hukumomi, amma lissafin yana cikin kai, ko cikin wani littafi da yaron shago kaɗai ya iya karantawa. Ranar da aka je banki neman jarin cika kwantena, sai a ce kawo bayanin cinikinka na shekara biyu. Babu. Ranar da mai saye daga waje ya ce nuna mini waɗanda ka taɓa yi wa lodi, babu. Ranar da mai dukiya ya kwanta dama, magada su rasa wa ake bi, wa ke bi, dukiyar shekara arba'in ta narke kafin a yi sadakar arba'in. Mun sha ganin haka, kowa a cikinmu zai iya kiran gida biyu ko uku. Abin da ya fi ba ni takaici, mu ne mutanen da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Manhajar lissafi da ke cikin waya, wadda ke riƙe abin da ya shigo da abin da ya fita da ranar da aka yi, hanya ce ta cika umarnin da muke karantawa tun muna makarantar allo. Idan cinikinka yana bi ta asusun kasuwanci daban da na cefanen gida, kowane alat shaida ne, kuma shaidun nan su ne banki ke dubawa.

Sai takardu. Mutane da yawa suna jin tsoron kalmar fitar da kaya waje kamar sai ɗan minista. Alhali matakan sanannu ne, kuma yawancinsu yanzu ta intanet ake yi. Rajistar kamfani a hukumar CAC ta intanet ce. Takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC ta intanet ake nema. Fom ɗin NXP, wanda babu kayan da ke fita bisa ƙa'ida ba tare da shi ba, ta intanet ake cika shi ta hannun bankinka, kuma doka ta ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Kayan gona suna buƙatar shaidar lafiya daga hukumar NAQS. Ban ce babu wahala ba. Akwai jeka-ka-dawo, akwai ranar da shafin zai ƙi buɗewa, akwai masu neman na goro. Amma wanda ya iya kai shanu daga Maigatari zuwa Legas ta shingaye sama da yadda za a ƙirga, cika fom ba zai gagare shi ba. Hukumar NEPC ta ce kayan da Najeriya ta fitar waɗanda ba man fetur ba sun haura dala biliyan 5 a 2024, kuma riɗi yana cikin na sahun gaba. Wa ya noma riɗin nan? Kashi nawa na dalolin nan ya kwana a Gumel ko Malam Madori?

Na san abin da za a ce: ni buhu hamsin gare ni, ina ni ina kwantena? Gaskiya ne, ƙaramar kwantena tana cin kusan tan 19 na riɗi, kuma mai saye ba ya son lodi ɗaya a ɓace. Amsar ita ce haɗa kai, kuma a nan waya ta fi amfani. Mutum ashirin su yi ƙungiya mai rajista da asusu ɗaya, kowa abin da ya kawo a auna a sikeli, a rubuta, a tura wa kowa a wayarsa nan take. Abin da ke kashe ƙungiyoyinmu zargi ne, wane ya ci, wane ya ɓoye. Idan kowane memba yana ganin shige da ficen asusu a tafin hannunsa, zargi ya rasa wurin zama.

Yanzu ga maganar da ba a so, amma dole a faɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an samu maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima, irin sinadarin fiya-fiya da wasu ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari. Aka yi ta tsawaita haramcin shekara bayan shekara. Meksiko ma ta taɓa rufe ƙofa ga zoɓonmu saboda wani ƙwaron sito da aka gani a cikin kaya, farashi ya faɗi warwas, manoman da ba su ji ba ba su gani ba suka kwana ciki, sai bayan shekaru aka sake buɗewa. Me ya sa laifin mutum kaɗan ya shafi ƙasa guda? Saboda babu mai iya cewa wannan buhun daga gonar wane ya fito, a siton wane ya kwana, wane magani aka sa masa. Da babu hanyar ware mai laifi, sai aka haɗa kowa aka yi masa kuɗin goro. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Duniya kuma ƙara tsanantawa take yi. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ce koko, kofi, manja, roba, katako, waken suya da kayan shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ainihin wurin da aka samar da su a taswira, don a tabbatar ba daji aka sare ba. An ɗaga ranar fara aiki da ita, amma alƙiblar ta bayyana. Mai saye na gobe zai tambayi lambar gona kafin ya tambayi farashi. Kuma ɗaukar lambar gona aikin minti kaɗan ne ga yaron da ke riƙe da babbar waya: ya zagaya iyakar gonar, wayar ta rubuta. Buhu ya samu lamba, lambar ta nuna manomi da ƙauye da ranar girbi da sakamakon gwajin danshi. Ranar da aka samu matsala, buhu goma za a ware, sauran su wuce. Ranar da kaya suka yi kyau kuma, an san wanda za a koma wa, kuma a nan ne manomi zai fara cewa ga farashina.

Sai dai ina gargaɗi da babbar murya. Waya ba ta tsince tsakuwa daga riɗi. Wanda ke zuba yashi don buhu ya yi nauyi, ko ya yayyafa wa zoɓo ruwa, ko ya sa mai kyau a baki ya cusa marar kyau a gindi, intanet tona masa asiri za ta yi da sauri. Da, algus a kasuwa ɗaya ake jin labarinsa. Yau hoto ɗaya daga tashar jirgin ruwa ya isa ya zagaya duk masu saye kafin la'asar, kuma sunan garinmu zai ɗauka. Shugabannin kasuwa, ku da kuke da ikon hana mutum rumfa, wannan a wuyanku yake. Haka nan a kula da 'yan damfara, masu alat na bogi da masu shigar burtu a ce su kamfani ne daga Dubai. Kada kaya su bar sito sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗi da idonka. Cinikin waje kuma a yi shi da yarjejeniya a rubuce, da kafin alƙalami ko takardar lamunin banki, bayan an bincika rajistar kamfanin.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, ku kun riga maza nisa a wannan fage, kuma ya kamata a faɗa. Daga cikin ɗaki, ba tare da rumfa ko haya ba, mata suna sayar da turaren wuta, humra, yaji, dambun nama, mayafai da kayan ɗaki ta Instagram da WhatsApp, a kai saƙo tasha, gobe ya kwana a Abuja ko Fatakwal, wani har Yamai da Akra. Akwai Hausawa a Saudiyya, Sudan, Ingila da Amurka da ke marmarin kayan gida, suna neman wanda za su amince wa. Abin da ya rage muku kaɗan ne: suna mai rajista, lambar NAFDAC ga abin ci da na shafawa, mazubi mai tsabta da aka rubuta nauyi da ranar da aka yi. Maza kuma, wanda matarsa ko 'yarsa ke wannan sana'a, ya taimaka mata da rajista da data, ya daina ganin abin kamar wasa. Gidaje nawa ne yau wannan wasan ke ciyarwa?

Ku kuma matasa, ina ku ke? Kun gama jami'a da kwaleji, kuna yawo da takardu ofis-ofis, alhali mahaifinku ko kawunku yana da sito cike da kaya, ba shi da mai rubuta masa imel. Datar da ke ƙarewa a kallon rigimar TikTok ta isa a nemo kamfanoni goma masu sayen citta a rubuta musu. Ku koyi lissafi a kwamfuta, ku koyi ɗaukar hoton kaya, ku koyi ƙa'idojin lodi da inshora, ku san bambancin farashin kaya a bakin jirgi da farashinsu idan sun sauka. Ku zauna kusa da dattawan nan, su sun san kaya da mutane, ku kun san na'ura. Masu ilimin haɗa manhaja a cikinku, ku yi mana da Hausa, mai magana da murya, mai aiki a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni, domin mai buhu ɗari a ƙauye ba lallai ya iya karatun boko ba, amma ba a cutarsa a lissafi. Alhazai kuma ku buɗe wa yaran nan ƙofa, ku biya su haƙƙinsu. Ɓoye sirrin kasuwa ga ɗan cikinka shi ke sa kasuwar ta bi ka kabari.

Masu mulki, naku ya fi na kowa nauyi. Yawancin manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, kuma kafin su iso ƙauyen da ake noma riɗi sai an haƙa ƙasa an binne waya. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya tun 2020. Gwamnan da ke tsawwala wannan kuɗi yana toshe wa manomansa hanyar kasuwa da hannunsa. Mun ga abin da ya faru a 2021 da aka katse sabis a Zamfara da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro: mutane suna tafiya mai nisa don su yi kira ɗaya ko su karɓi kuɗi, ciniki ya tsaya cik. Wannan ya isa ya nuna cewa sabis yanzu ɗan uwan hanya da wuta ne. An buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa ta biyo baya. Muna son su yi aikin da aka gina su dominsa, a duba kaya, a gwada su a ɗakin gwaji, a rufe kwantena a nan gida, mai kaya yana bin tafiyarta a wayarsa har ta hau jirgi. Muna son ɗakunan gwaji da duniya ta yarda da su kusa da Dawanau, domin ɗaukar samfur zuwa Legas ko ƙasar waje kuɗi ne da lokaci da ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da su.

Kada kuma mu zaci waje sai Turai. A Yamai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a 2019, aka fara aiki da ita a farkon 2021. A 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS, wanda aka yi don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, abokin cinikinsa a wata ƙasar Afirka ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dala ba. Wa ya fi mu buƙatar wannan? Albasar Galmi da ta Aliyaru tana cika kasuwannin Gana da Kwaddibuwa, kuma Hausawa ne a kowane gefen cinikin. Har yau da yawa suna ɗaure kuɗi a jiki su ratsa iyaka uku, ko su miƙa wa ɗan canji bisa amana kawai. Ku je bankunanku ku tambaya, ku matsa, ƙungiyoyinku su rubuta. Abin da ba a tambaya ba, ba a kawo shi kusa.

Kaka tana tafe, riɗi da zoɓo za su sake cika sito. Alhaji, kafin tirelar farko ta tashi, ka kira ɗanka ko yaron shagonka, ku zauna ku yi rajistar kasuwancin nan da sunanka, ku buɗe masa asusunsa, ku fara rubuta kowane buhu da inda ya fito. Shugabannin Dawanau, na Maigatari, na Kachiya, na Aliyaru, ku tara mutanenku a wannan watan ku fitar da ƙungiya ko da guda ɗaya ce da za ta cika kwantena da sunanta. Ina roƙonku don Allah, kada kayan bana su fita da sunan wani.